Adiza Ba Ta Yi Kuka Ba

Zuwa ga Shugabar Ungozomomi, ɗakin haihuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki? Sunana Ramatu, ina sayar da koko a unguwar Maamobi. 'Yata Memuna tana da cikin wata bakwai, kuma a wurinku za ta haihu. Shi ya sa nake rubuto miki abin da ya sami yayarta, Adiza.

Na ɗaya. Haihuwar Adiza ta fari, tiyata aka yi mata. A ciki na biyu likitanku ya ja jan layi a katinta, ya ce da naƙuda ta fara a kawo ta, kada ta yi nishi a gida. Muka bi maganarsa. Ranar Talata da hantsi muka sauka daga trotro, motar haya, na miƙa katin a teburin nas da hannuna. Aka tura shi ƙarƙashin wasu, ba a buɗe ba.

Na biyu. Benci cike yake da mata. Duk wadda ta ɗaga murya, sai a shiga da ita. Adiza tana zaune, ta cije bakin mayafinta, gumi yana zuba. Sau uku ina zuwa tebur. Nas ɗin ta leƙo ta ce da ni, "Maame, mai naƙuda ba ta zama shiru haka. Ku jira." Muka jira har la'asar.

Na uku. Sai da ta sulale ƙasa aka buɗe katin. Likita ya ce tsohon ɗinkin ne ya yage daga ciki. Ranar Laraba aka binne ta, ita da jaririn.

Ranki ya daɗe, a gidanmu mace ba ta kuka a naƙuda, abin kunya ne. Ni na koya mata, yadda uwata ta koya min. A bencin nan har yabonta na yi.

Ban zo neman a kori kowa ba. Gaskiya ko haushi ba na ji. Ina tashi, in dama koko, in sayar, in koma gida.

Roƙona shi ne a riƙa buɗe kati tun daga ƙofa, kuma a faɗa wa ma'aikatanki cewa shirun matanmu ba alamar sauƙi ba ne.

Na ce wa Memuna ta yi ihu in ranar ta zo. Ta ce za ta gwada, amma ba a gabana ba. Saboda haka a waje zan tsaya. In ta kasa, don Allah ku duba ta.

Allah ya taimake ki a kan aikinki, ya sauki mata lafiya a hannunki.

Wassalam.
Ramatu mai koko, Maamobi.