Mama ta ce in tsaya a kicin ranar da za ta tafi

Anti Diep, ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ya yi min wa'azi ba.

Mahaifiyata na kwance a gida, a nan unguwarmu ta Inala. Ciwon daji ne a hanta, likitoci sun sallamo ta, sun ce a bar ta ta huta cikin iyalinta. Ni ce autarta, ni ce kuma nake tare da ita. Ni nake yi mata wanka, ni nake dama mata kunun shinkafa, in ta sha cokali uku in yi ta murna kamar an ba ni kyauta. Shagon burodin da nake aiki ma sai da na rage zuwa.

Kin san irin iyayenmu da suka tsallako teku a kwale-kwale suna gudun hijira. Mama ta baro ƙasarmu da 'ya'ya biyu, ta iso da ɗaya. Yayata Lanh ta mutu a hannunta a tsakiyar ruwa, sai da aka ɓamɓare ta daga gawar. Ni a nan aka haife ni, amma na taso na tarar da uwa wadda ba ta barci, ba ta dariya. Wuridi ne ya dawo mana da ita. Tun da ta fara zuwa haikali tana kiran sunan Buddha da carbinta, sai ta zama mutum, har tsokana ta koya. Ban musa wannan ba. Ni dai ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, har cewa nake ta zama faifan da ya maƙale, ita kuma ta jefe ni da silifa tana dariya.

To yanzu ƙungiyarsu ta masu wuridi ta fara zuwa gida, Goggo Tuyet ce shugabarsu. Ta zaunar da ni ta karanta min doka: idan numfashi ya fara ja, babu kuka a ɗakin, babu kiran sunanta, babu taɓa ta, har awanni bayan ta cika. Sunan Buddha kawai za ta riƙa ji, don kada hankalinta ya juyo ga duniya ta rasa hanyar Ƙasar Ni'ima, inda masu wuridi ke fatan zuwa bayan mutuwa. Ni kuwa kowa ya san ni da hawaye. Bara da maƙwabcinmu ya rasu, ihun da na yi sai da aka ja ni waje.

Duk wannan da sauƙi, da ba Mama da kanta ta faɗa ba. Ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Ke kam auta, ranar nan ki tsaya a kicin ki dafa wa mutane shayi. Na san halinki, famfo ce ke." Tana murmushi ta faɗa, amma da gaske take. Yayana Khiem da ke can birnin Perth, wanda bai san ko launin maganinta ba, shi zai zauna kusa da kanta saboda idonsa a bushe yake. Anti, abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Na ce bari in koya, ko a yarda da ni. Kullum da safe nakan kunna turare in zauna da carbi. An ce wuridi yana rage baƙin ciki, ni ƙara min yake. Ba na kai ƙarshen carbin sai hawaye su ɓalle, in tuna Mama tana tsinkar garafuni a bayan gida, in tuna yayar da ban taɓa gani ba. Da na gaya wa Goggo Tuyet, kallona ta yi ta ce, "Zuciyarki ɗanya ce har yanzu, 'yar nan."

Ga abin da ke yawo a kaina, ina ma jin kunyar rubuta shi. Gidan nan ni ke riƙe da shi, ma'aikatan jinya ni suke tambaya wa zai shiga. Zan iya rufe wa ƙungiyar ƙofa, in riƙe hannun uwata in yi kukana yadda nake so. Amma idan gaskiyarsu ce fa, na tare mata hanya? Idan kuma na bi, uwata za ta tafi ina tsaye kan tukunyar shayi. Wanne zan ɗauka? Lokaci ba ya jira na.

Mai Saurin Kuka, Inala

Mai Saurin Kuka, sannu da jinya, sannu da ƙoƙari.

Maganar rufe ƙofa ki cire ta daga ranki. Mutuwar nan ta Mama ce, kuma ta daɗe tana shirya mata. Abin da ya tsamo ta daga cikin tekun nan, ba za ki ƙwace mata shi a ranar da ta fi bukatarsa ba. In kika yi, za ki samu hannunta na ɗan lokaci, ki kwashi nadama ta sauran rayuwarki. Haushin Khiem ma ki ajiye shi, ba lokacinsa ba ne.

Amma Goggo Tuyet ta yi gaggawar yanke miki hukunci. Ni da kike gani, watannina na farko a kan carbi jiƙe su na yi da hawaye. Wuridi ba murfi ba ne da ake danne ciwo da shi. Yana zaunar da mutum ne wuri ɗaya, abin da ya daɗe yana guje wa ya cim masa, sauƙin kuma daga baya yake zuwa. Kuskurenki ɗaya: kina yin sa kamar mai shirin jarrabawa, ke kaɗai, kina auna kanki.

Kin kuma karanta maganar kicin a baibai. Macen da sai da aka ɓamɓare ta daga gawar 'yarta ta san abin da kukan ɗa yake yi wa uwa. Khiem zai iya zama kusa da kanta don ta san ba zai tsayar da ita ba. Ke ce take tsoro, domin kukanki ne kaɗai zai sa ta juyo.

Saboda haka ki lura, dokar ta ranar tafiyarta ce, ba ta yau ba. Yau ki shiga ki rungume ta, ki yi kukan a jikinta tun tana iya shafa kanki. Ki gaya mata za ki iya rayuwa bayanta, za ki ci abinci, za ki ba garafuninta ruwa, don wannan take jiran ji. Carbin nan kuma ki daina jansa a ɓoye, ki kawo shi bakin gadonta ku riƙa yi tare kowace safiya, ta saba da muryarki tana kiran sunan Buddha ko da muryar tana rawa.

Bayan 'yan kwanaki ki sake roƙonta, in da hali a gaban malamin haikalinku. Ki nemi zama kusa da ƙofa, da alkawarin in kuka ya taso za ki fita, in ya lafa ki dawo. Mai yiwuwa ta yarda.

In kuma ta ce kicin dai, to ki tafi kicin ɗin ba da fushi ba. Ki bar ƙofa a buɗe, ki ɗora shayin, ki ɗaga murya ki yi wuridin daga can. Ko mutum nawa ne a ɗakin, muryar auta ba ta ɓace wa uwa, kuma taki za ta bi zuwa Ƙasar Ni'ima.

Ina yi wa Mama fatan tafiya cikin sauƙi, ke kuma zuciyarki ta samu sanyi.

Anti Diep