Inna, Fijon Baba Ta Tashi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Ni ce Bilkisu. Kin san ban iya surutu ba, shi ya sa na ɗauki biro, don labarin nan ya ƙi zama a cikina.

Inna, motar Baba ta tashi.

Kin tuna yadda giyarta ta uku take gurnani duk lokacin da ya sa ta? Sai ki ce, "Malam, a hankali, ba hatsi kake niƙa ba." To, bayan rasuwarki giyabos ɗin ya tsaya gaba ɗaya. Aka ɗora ta kan duwatsu a ƙofar gida, Baba ma ya daina zuwa garejinsu na Ƙofar Sauri. Kawu Ila ya matsa a sayar wa 'yan gwangwan kafin Sallah, har ya kawo mai saye ya zagaya ta. Ni kuwa ina bayan labule ina tuna abin da kika faɗa a asibiti, cewa kada a sayar, ita za ta kai ni jarrabawar fita.

Ban iya yi wa Kawu magana ba. Baba na samu bayan la'asar na maimaita mashi maganarki, idona a ƙasa. Washegari na ga ya ciro akwatin sifanoninshi.

Kayan gyaran ne suka yi wuya. Ya je Kano, ya je Jibiya, kowa ya ce tunda sojoji suka sauka motocin Kwatano ake yayi, ba mai ajiye kayan tsohuwar Fijo. Sai ya koma neman matattun giyabos. Ɗaya a Kambarawa ya samo shi, jikin wata mota da kaji suka mayar akurki. A nan ya ciro zoben tagullar da ke sa giya ta shiga lami lafiya. Haƙoran giyar kuma daga wani giyabos ya cire. Ya wanke su da kananzir a tsohuwar tasarki, ya jera a tabarma, ya hana kowa shara a wurin.

Saura gaskit, takardar nan mai kauri da ke hana mai yoyo. Ita ma babu. Sai na tuna kalandar kwali da wani ɗan takara ya raba mana a makaranta lokacin zaɓe, wanda ma bai ci ba. Na kawo. Baba ya murza ta da yatsa, ya shimfiɗa a bakin ƙarfen giyabos ɗin, ni na danne, shi yana bin gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fita, ramukan kusoshi da komai. Ya kalli hoton ɗan takarar ya ce, "Alhaji, ka rasa kujera, ga aiki. Ka riƙe mana man nan da amana." Inna, dariya ya yi, irin wadda ban ji ba tun kina nan.

Jiya aka sauke ta daga duwatsu. Kawu Ila da kanshi ya tura, yana haki yana cewa shi dama gwada mu yake. Baba ya buɗe mani ƙofar gaba, wurin zamanki.

Muka hau kwalta. Giya ta ɗaya, ta biyu. Da ya kai hannu zai sa ta uku na riƙe numfashi. Ta shige shiru, ko ƙis. Sai ya juyo ya kalli kujerar, kamar mai jiran a ce mashi wani abu. Na ce, "Baba, yau ba a niƙa hatsi ba." Sai ya shiga gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Ya ce ranar jarrabawa in shirya da wuri, a gaba zan zauna.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu