Ba Wanda Zai Gwada Min Ƙwaƙwalwar 'Ya

Assalamu alaikum Hajiya Delu. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Litinin. Raina a ɓace yake, kuma ba na so in je makaranta in yi abin da za a ce ba ni da tarbiyya.

'Yata, bari in kira ta Mardiya, shekararta tara, tana maimaita aji uku a wata firamare a nan unguwarmu New Bell. Malamarta ta aiko da takarda, wai in kai ta wurin wata mai gwajin karatu a unguwar Akwa, wai tana zargin disleksi, wato haruffa ne ke rikice mata. Wai in ba a yi wani abu ba, bana ma ba za ta wuce ba.

Hajiya, ni ba jahila ba ce. Na yi sakandare, Faransancina ba ya ba ni kunya a ko'ina. Kullum bayan la'asar sai na zaunar da yarinyar nan a tabarma, in karanta mata darasin gobe sau biyu da ƙarfi, sannan in miƙa mata littafin. Ta ɗora yatsa ta karanto shi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. A Islamiyya izu uku ne a kanta, ta wuce 'yan shekara sha biyu. Wannan ce mai matsalar ƙwaƙwalwa?

Abin da ke damunta lalaci ne da raini. Ran Asabar a kasuwar Marché Central na ce ta karanto min rubutun jikin gwangwanin madara, ta tsaya tana kallona kamar gunki, sai hawaye, a gaban mai shago. Da muka dawo ta sha bulala, na hana ta wasa sati guda. Mu haka aka yi mana, ba mu lalace ba. Iyayen yanzu ne ke nemo wa sakarci sunan Turawa.

Kuma kin san unguwarmu. Yau a gan ni da ita a tasin Akwa, gobe a gidan suna a ce 'yar wance kanta ba daidai ba. Maganar za ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Mahaifinta direba ne, yana hanyar Garwa, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ni kuwa cire ta zan yi, in kai ta inda ake horo na gaske. Ki koya min yadda zan ce wa malamar nan ta fita harkar 'yata ba tare da na zage ta ba.

Uwa Tsayayya, New Bell

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Uwar da ke zama da littafi kullum bayan la'asar ba ta gaza ba, kuma bakin unguwa da kike tsoro na san shi. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Sau biyu kike karanta mata darasi kafin ki ba ta littafin. Yarinyar da ta ɗauki izu uku da kunne, shafi ɗaya na Faransanci me zai gagare ta? Ina jin hadda take kawo miki, yatsan kuma don ki ji daɗi ne. Gwangwanin madara ba wanda ya riga ya karanta mata shi, shi ya sa ta tsaya. A kan abin da ba ta iya ba aka dake ta.

Kada ki yarda da ni haka kawai. Gobe ki ba ta shafin da ba ta taɓa ji ba, ki ajiye bulalar a ɗaki, ki yi shiru ki kalla.

Ban ce tana da disleksi ba, malamar ma zargi ta yi. Gwajin ne zai nuna, ki sa a duba mata ido da kunne ma. Disleksi ba hauka ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba, koyarwa ce ta daban yake buƙata, kuma gara a fara da wuri. In kin sauya makaranta, matsalar za ta bi ta a cikin jaka.

Ran Litinin ki yi wa malamar godiya. Taurin kan nan naki ina son sa, ki ajiye wa matan unguwa shi. Duk wadda ta tambayi ina zuwa, ki ce za ki kai 'yarki ta koyi karatu, ki kama hannun Mardiya ku shiga tasi.

Allah ya buɗe mata, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Delu