Ruwan Saman Gidan Baba

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya maigida da yara? Ina fata ciwon bayan ya lafa.

Kin san aikin da aka ba ni a ofishin hasashen yanayi. Mun dasa ma'aunin ruwan sama a gidaje daban-daban, har da bayan ɗakin Baba. A kwamfuta na ja layi tsakanin kowane ma'auni da maƙwabtansa, kamar saƙar gizo-gizo. Duk wanda sakamakonsa ya saɓa wa na kusa da shi, sai ya koma ja.

To, gari ya bushe ƙamas, amma ma'auni ɗaya ya yi jawur, wai ruwa ake shatatawa kullum. Na duba, ashe na gidanmu ne. Shugabanmu har ya fara maganar haƙa magudana a layin, kuma ta tsakiyar lambun Baba za ta bi.

Na garzaya gida, na iske Baba tsugune da kofi yana ɗura wa ma'aunin ruwa. Wai ba zai zuba ido kayan aikin 'yarsa su zauna wayam ba, kada a ce ba na aiki a kore ni. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na zaunar da shi na bayyana masa cewa maƙwabta ne suka tona shi, tunda nasu a bushe yake. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ni dai kaina ke ciwo.

Ashe Baba ya gane fiye da yadda nake so. Ya bi maƙwabta gida-gida, kafinta, mai chemis, har malamar makaranta, ya roƙe su kowa ya riƙa zuba kofi guda na ruwa a ma'aunin gidansa saboda ni. Yanzu a kwamfutata unguwarmu ta jiƙe sharkaf, ma'aunin kowa ya yi daidai da na maƙwabcinsa. Ma'auni ɗaya ne kawai ya yi ja, na tela, wanda ya ƙi shiga. Shugabanmu ya sa aka je aka cire shi, wai ya lalace.

Na faɗa wa shugaban namu gaskiya, an fasa magudanar, na kuma sha faɗa. Baba kuwa ya daina gaisawa da tela, wai ba ya ƙaunar ci gabana.

Don Allah ki kira Baba, ke yake jin maganarki.

Taki,
Auta