Duron da Ya Taso daga Kududdufi

Kunci, Jihar Kano.

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a can Legas. Allah Ya ƙara lafiya da basira. Mu nan kalau muke, gero ya fara fitar da kai, ƙafar innarki Kaltume ma da sauƙi.

Na zaɓi takarda ne don bakina ba zai iya faɗin wannan magana a waya ba. Kin tuna ranar Sallah a ƙofar gida, da kika ce akwai jirgin da ke shan ruwa da gangan ya nutse, in yana son tasowa ya hura iska ta kore ruwan? Kika ce ƙarfen bai sauya ba, abin da ke cikinsa ne ke sa ya fi ruwa nauyi ko ruwa ya fi shi. Ni kuwa, don dattawa suna zaune, na ce abin da ruwa ya ci ya ci, ki daina yi mana tatsuniya da rana. Aka yi miki dariya. Na ƙi sa hannu a takardar tafiyarki ƙasar waje koyon aikin jiragen, kika koma ba ki ko ci tuwo ba.

To, ranar Laraba ina ɗibar ruwan feshi a kududdufin bayan gari, duron ƙarfenmu ya sulluɓe daga amalanke, ya cika, ya nutse. Mu huɗu muka ja da igiya, har da shanu, laka ta riƙe. Sai ga innarki, wadda ko aji ɗaya ba ta shiga ba, ta ce a kira Usaini mai faci ya zo da famfonsa da dogon tiyo, a yi yadda Aina'u ta faɗa. Na ce mata ta koma gida. Ba ta koma ba.

Usaini ya nutsa, ya juya bakin duron ƙasa, ya zura tiyo, aka yi ta bugawa. Wallahi 'yar nan, sai ga ruwa yana ɓulɓula, duro ya ɗago gindi ya taso! A gaban dattawan nan dai da suka yi miki dariya. Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Kunya ta hana ni ɗaga ido in dubi innarki. Ashe gaskiya ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Na ci fuskarki a bainar jama'a a kan abin da ban sani ba. Ki yafe wa tsohonki. In lokaci bai ƙure ba, takardar tafiyar taki tana cikin ambulan ɗin nan, na sa hannu a gaban mutanen nan.

Innarki da yayanki Abdulkabir suna gaishe ki, ki gai da gwaggonki Larai da take riƙonki. Allah Ya yi miki albarka.

Naki mahaifi,
Mika'ilu