Asta a Kan Sikelin Gyaɗa

Gazawa, 9 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga ƙanena Tanimu, gidan likita, Gidan Rumji.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Albishirinka! Ran kasuwa na ɗora Asta a sikelin gyaɗar Alhaji Chindo, ta yi kilo hamsin da takwas. Shekara sha ɗaya fa! Masu awo har tafi suka yi. Ka tuna yadda ka miƙo mini riƙonta, wuya kamar sillen kara? Zo ka ga aikin fura da nono, da man shanu kan tuwo, da ƙosai kullum safe. Duk unguwa ba ɗiyar da ta kai tawa cika zane.

Na biyu, ita ta zo ta ɗaya a lakol, makarantar bokon nan. Mushe, malaminsu, ya ce ita za ta riƙe sabuwar tutar ƙasa ran bikin jamhuriya, sha takwas ga Disamba, tun daga lakol har kasuwa. Kaina ya yi girma, ban ɓoye ba.

Ka huta lafiya. Yayarka, Baturiya.

Gidan Rumji, 24 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Baturiya, bayan gaisuwa da girmamawa.

Na gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Kin san 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in sa baki a riƙonki. Amma aikina ya tilasta ni. Shekara uku ke nan ina auna 'yan lakol. Yawancinsu har yanzu ramammu ne, sai dai 'ya'yan gidajen da gyaɗa ta kawo wa wadata, su kam nauyinsu hawa yake kowace shekara. Na ga masu haki, na ga masu ciwon gwiwa tun ba su girma ba. Hamsin da takwas ya yi wa yarinyar nan yawa ƙwarai. Ina tsoron ta faɗi da tuta gaban jama'a. A rage mata mai da ƙosai, a bar ta ta yi tafiya. In ba zai yiwu ba, ki turo mini ita nan.

Ki gafarce ni. Ƙanenki, Tanimu.

Gazawa, 6 ga Nuwamba

Tanimu, na gaishe ka, don gaisuwa dole ce.

Kai mai awo, ka taɓa tambayar wa ke karanta mini wasiƙunka? Wa ke rubuta wannan? Asta ce. Ta karanta taka har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta ninke, ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba, ni kuma na ji kamar in zo in ja maka kunne.

Kana goye shekarar yunwar fara, ba ka san komai ba. Ni na riƙe ɗan'uwanmu Gado a cinya har ya cika, hannunsa bai fi yatsana biyu ba. Tun ranar na rantse ba yaron da zai rame a gidana. Shi ne yau za ka karɓe ta?

Amma na sa ido. Na ga tana tsayawa sau biyu kafin ta kai rijiya, tana dafe gwiwa. Da ina cewa yanga ce. Rana ta uku ta ce mini, "Gwaggo, tuwo zan ci, amma ki ɗauke man. Tutar nan ni zan kai ta." Yanzu da safe tana zagaya gari da taɓarya a kafaɗa, ni ina biye ina haki, mata na yi mana dariya. Su yi. Ƙwaryar man na bisa rumbu. Asta kuwa tana nan, ba inda za ta.

Yayarka, Baturiya.

Gazawa, 20 ga Disamba

Ƙanena Tanimu, gaisuwa da fatan ka isa gida lafiya.

I, ka isa, na ce. Kana tsammani ban gan ka ba, ka sauko daga motar gyaɗa ka laɓe bayan tsamiyar kasuwa? Sikeli ya ce hamsin da biyar, kai ka san ko ya isa, ni dai idona ya gani. Daga lakol har kasuwa ba ta tsaya ba, gumi sharkaf, tuta ba ta karkace ba. Ina cikin guɗa sai na ji wani ƙato ya manta da kunya yana ihu, "Asta! Asta! Ɗiyata ce!" Gazawa duka ta ji ka. Tsofaffi sun riƙe baki, ni kuwa kuka na yi.

Ka aiko da takardar abin da za ta ci, zan bi. Ran salla dai sai na sa mai.

Yayarka, Baturiya.

Baba, ni ce mai rubutu. Ban waiwaya ba don kada tuta ta karkace, amma na ji.