Fatar Mai Aski

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya shagonmu?

Daga gadon asibiti nake rubuto maka, kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Bakina duk gyambo ne, ruwa ma sai na runtse ido nake haɗiya, balle magana. Kullum da safe sai an jiƙa zanin gado kafin a ɓamɓare shi daga bayana.

Abin da muka ɗauka ƙunar injin aski ce a wuyana, ba ita ba ce. Likitar fata ta yanki ɗan guntu ta nuna mini a na'ura. Ta ce fatar mutum ƙananan ƙwayoyi ce a jere, kuma akwai wani furotin da ke maƙale kowace da maƙwabciyarta kamar maɓallin riga. A cikin kowace ƙwaya akwai zare-zare ɗaure da maɓallan, su ke riƙe mata siffarta. Wai zaren nan dangin abin da aka yi gashi da shi ne. Da bakina na buɗuwa da na yi dariya. Shekara da shekaru ina share shi da tsintsiya, ashe ɗan gida ne.

Ni garkuwar jikina ce ta rikice take ɓalle maɓallan. Na ga ƙwayoyin da idona, sun saki juna sun dunƙule, ruwa ya shiga tsakani. Shi ne bororon nan da ke fito mini. Ta murza damtsena da yatsa, fatar ta saluɓe kamar ta dafaffen tumatir.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau: ba a ɗaukar cutar nan. Na sa ta maimaita. Ka gaya wa masu zuwa aski. Ka riƙa sa wa injina mai, kada ya yi tsatsa.

Ka gai da Inna, ka ce da sauƙi.

Naka,
Yayanka

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni alhamdu lillahi, maganin ya karɓe ni. Gyambon ya fara bushewa, sai dai fuskata ta kumbura, yarana na tsokanata wai na zama wata ɗan daren goma sha huɗu.

Ban gan ka ba, ban kuma ga amsa ba. Na ce aiki ne ya yi maka yawa. Sai jiya direban nan mai sanƙo, wanda ke zuwa gyaran gemu, ya leƙo ni. Ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙaraso ba. Daga can ya ba ni labarin cewa ka ƙone tawul-tawul ɗina a gaban shago, jama'a na kallo. Kujerata tana bayan shago ruwa na dukanta. An shafe sunana a allo. Na ce masa ba a ɗaukar cutar. Ya ce, "To, ƙanenka ma da ya san ka ciki da waje ya ƙone kayanka."

Auta, kai fa na fara rubuta wa. Da wani ne ya yi, sai in ce bai sani ba.

Ka tuna lokacin da ka bar makaranta, babu wanda ya yarda ya ba ka kansa? Nawa na ba ka ka koya. Ka yi mini tsani a ƙeya, na sa hula har gashin ya fito, ban gaya wa kowa ba. Ba gori nake maka ba. Tambaya nake: me na yi?

Idan tsoron guduwar mutane ne, ka faɗa, sai mu san abin yi tare. Ina jiran amsa.

Yayanka

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da iyalinka. Da fatan kowa lafiya.

Abin da na kasa faɗa maka shekaranjiya zan rubuta.

Da aka sallame ni daga asibiti, ba gida na fara zuwa ba, shago na nufa. Gashina ya taru har ya rufe kunne, na ce ƙanena zai yi mini, kowa ya gani. Shagon a cike yake, ka sa sabon madubi, ya yi kyau. Na yi sallama, hira ta mutu. Ka fito da sauri ka tare ni a ƙofa, ka ce, "Yaya, zagayo ta baya." Na zagaya.

A tsohuwar kujerata ka zaunar da ni, bakin kwata, soson ya jiƙe har wandona. Ka ɗaura leda a hannayenka. Na ce likita ma da yatsanta take taɓa tabon. Ka ce, "Ni na yarda, Yaya, mutane ne ba su yarda ba." To, a bayan shagon nan wa ke kallonmu? Ni da kai ne kawai da kajin maƙwabta.

Da ka gama, ka bari har na juya baya sannan ka jefa injin a kwandon shara. Na ji ƙararsa.

Askin ya yi kyau, ban ga abin gyara ba.

Likita ta ce cutar takan kwanta ta tashi, zan daɗe ina shan magani, amma hannuna lafiya lau, zan iya aiki. Telan da ke bakin titinmu ya ba ni gefen rumfarsa. Shagon na bar maka, ba sai an tara dangi ba. Almakashina kawai nake so, ka ba direba ya kawo.

Inna ta shafa kaina ta tambayi wanda ya yi mini aski. Na ce kai ne. Ta yi ta sa maka albarka, tana cewa ta san ba za ka bar ni ba. Ban gyara mata zance ba, kai ma kada ka gyara.

Wassalam,
Yayanka